Ƙofar Kasuwar Hannun Jari

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Ina yawan jin yara suna cewa wai da wayar hannu mutum zai buɗe asusu wurin dillali, ya sayi hannun jarin kamfanin Amurka yana kwance a ɗakinsa. Haka ne, amma ƙofar nan makullinta a hannun gwamnati yake tun fil azal.

A 1960 aka kafa kasuwar hannun jari a Legas, aka fara ciniki a 1961. Shekara ɗaya bayan nan aka yi dokar da ta ce ba mai fitar da kuɗi waje sai da izini. A 1972 Gowon ya tilasta wa kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa wani kaso, Obasanjo ya ƙara ƙaimi a 1977. Wanda ya san gari ya saya. Mu kuwa Kano sai 1989 aka kawo mana reshen kasuwar, bayan an gama rabon naman.

To, a 1995 Abacha ya soke waɗancan dokoki, baƙo ya samu damar shigo da dalarsa ya sayi jari, ya kwashe ribarsa ya tafi. Kuɗi suka shigo kuwa. Sai dai kuɗin baƙo kamar ruwan kwari ne. Da kasuwannin duniya suka girgiza a 2008, su suka fara sayarwa suka fice, darajar kasuwar ta faɗi fiye da rabi. Wallahi abin da ya fi ƙona min rai shi ne matan da suka sayar da gwal ɗinsu suka sayi jarin bankuna, aka bar su da takardu a ƙasan akwati.

Kun ga shigowa ta yi sauƙi. Fita fa? Da matasanmu suka fara sayen jarin Amurka ta waya, sai a watan Agusta na 2021 Babban Banki ya samo umarnin kotu aka rufe asusun wasu kamfanonin da ke wannan dillanci, bisa zargin suna fitar da dala ba bisa ƙa'ida ba. Umarnin na kwana 180 ne.