Yadda Aka Gano Ƙwayoyin Halitta Na Aika wa Juna Saƙo

Tsoka, jini da ƙoda duk daga shimfiɗar tsakiya ta ɗan tayi suke fitowa, wato mesodam. To, ita kuma me ke samar da ita?

A 1969, Pieter Nieuwkoop ɗan ƙasar Holan ya yanko ƙwayoyin saman tayin wata dabba dangin kwaɗo. Da aka bar su su kaɗai, fata suka zama. Da ya manna su da na ƙasa, sai ga tsoka! Ashe na ƙasan ne ke turo umarni.

A 1990, su Jim Smith a Landan suka nuna sinadarin aktibin na iya isar da wannan saƙo. Yau yana cikin sinadaran da ake juya ƙwayoyin tushe da su zuwa tsokar zuciya a ɗakin gwaji, don nema wa masu ciwon zuciya magani.