Kalmomin Ingilishi da ke yaudarar wanda ya yi karatu da Faransanci

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mayar da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Amma tun kafin nan ƴan kasuwar Maraɗi suna musayar saƙonni da masu sayar musu da kaya a Dubai da Guangzhou, ɗalibai kuma daga Damagaram, Tahoua da Yamai suna cike takardun neman gurbin karatu a Najeriya, Gana ko Indiya, duk da Ingilishi. Akasarinsu sai da Faransanci ya zauna musu a firamare kafin su fara Ingilishi a kwaleji, shi ya sa kurakuransu suka bambanta da na maƙwabtansu na Katsina ko Kano.

Tushen matsalar tsoho ne. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci sun shiga Ingilishi. Wasu sun riƙe ma'anarsu, wasu sun sauya ta, sifarsu kuwa tana nan kusan yadda take. Waɗannan na biyun su ne malamai ke kira « faux amis », wato abokan ƙarya. Hatsarinsu shi ne manhajar gyaran rubutu ba ta ja musu jan layi, domin harufansu daidai suke.

A harkar kasuwanci, wadda ta fi jawo asara ita ce « delay ». A Faransanci « délai » wa'adi ne, a Ingilishi kuwa « delay » jinkiri ne. Ɗan kasuwar da ya rubuta cewa ya amince da « delay » na kwana 30 yana nufin a kawo kaya cikin wata guda, amma wanda ya karanta zai iya fahimtar an yafe masa makarar wata guda. Abin da ya dace shi ne « deadline » ko « delivery time ». Haka « eventually »: mai rubutu yana tunanin « éventuellement », wato wataƙila, alhali ma'anarta ko ba daɗe ko ba jima abin zai faru. Da kalma ɗaya, wataƙila ta koma alkawari. Ita kuma « demand » ba roƙo ba ce irin « demander », neman abu ne da ƙarfi kamar mai bin bashi. A wasiƙar neman alfarma « ask » ko « request » ake sawa.

Takardun neman aiki da na karatu suna da nasu tarkon. « Passer un examen » zaman jarrabawa ne kawai, amma « pass an exam » cin ta ne, don haka wanda ya fassara kai tsaye zai iya yin iƙirarin shaidar da bai samu ba tukuna. « Licence » ta jami'a ita ce « bachelor's degree », domin « licence » a Ingilishi lasisi ne, irin na tuƙi. BAC kuma, duk da kamar sunan, ba ita ce « bachelor » ba. Halartar taro « attend » ne, « assist » taimakawa ne. « Actually » na nufin a gaskiya, mai son cewa a halin yanzu sai ya ce « currently ». « Library » ɗakin karatu ne, ba shagon sayar da littattafai ba.

Kurakuran harufa sun fi sauƙi, ko da yake su ne ke saurin tona asirin mai rubutu. Ingilishi na ninka harafi a « address », « marriage » da « traffic » inda Faransanci ke da guda, sannan ya rage a « apartment », « literature » da « development ». Akwai kuma « example », « responsible » da « independence ». Wayar da aka saita da Faransanci takan mayar da su sifar Faransanci da kanta, sai an ƙara Ingilishi a allon rubutunta. Rikicin « their » da « there », « your » da « you're », « its » da « it's », « lose » da « loose » kuwa na kowa ne, har Turawan Ingila da Amurka suna faɗawa ciki.

A lissafin kuɗi, « billion » na Ingilishi shi ne « milliard » na Faransanci, wato miliyan dubu, yayin da « billion » na Faransanci ya ninka shi sau dubu. Waƙafi ma ya bambanta: 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne a Ingilishi, ɗaya da rabi a Faransanci.

Sai harafi guda da ke sauya wa mutum ƙasa. Ɗan Nijar « Nigerien » ne, ɗan Najeriya « Nigerian ». Wasu manhajojin gyaran rubutu sukan mayar da na farko na biyu ba tare da tambaya ba, don haka layin ƙasa a takardar biza ko ta tallafin karatu yana bukatar a sake duba shi kafin a aika.