Tsufan Jiki da Haɗarin Faɗuwa: Nazari Kan Saurin Tsoka da Taruwar Raunuka

Tsakure

Maƙalar nan ta bi diddigin binciken da aka wallafa kan faɗuwar tsofaffi. Ta nuna cewa haɗarin yana ƙaruwa ne gwargwadon taruwar raunuka a jiki, kuma raguwar saurin tsoka ce ta fi cancantar kulawa, domin ana iya gyara ta.

Girman Matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 sun nuna kimanin mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Rahotonta na 2007 ya ce kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na 'yan shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara.

Yadda Jiki Ke Gazawa

Matashi ma yana tuntuɓe. Bambancinsa da tsoho shi ne saurin jefa ƙafa gaba kafin jiki ya rinjaya. Tsoka tana fara zaizayewa bayan shekara 30, kuma zarenta mai motsi da sauri shi ya fi lalacewa. Shi ya sa dattijon da har yanzu ke ɗaukar buhu zai iya kifewa a kan dokin ƙofa: ƙarfin yana nan, hanzarin ne ya tafi. Sai yanar ido, da raunin kunnen ciki mai daidaita tsayuwa, da mutuwar jin tafin ƙafa, musamman ga mai ciwon suga. Akwai kuma jirin miƙewa, wato faɗuwar bugun jini da maki 20 cikin minti 3 da tashi tsaye, wanda wasu magungunan hawan jini ke tsanantawa. Wannan ya shafi mai zabura daga shimfiɗa da asuba ya nufi wurin alwala a cikin duhu.

Binciken Mary Tinetti na 1988 a New Haven ta Amurka, kan mutum 336 'yan shekara 75 zuwa sama, ya gano cewa kashi 8 cikin ɗari na marasa ko ɗaya daga abubuwan haɗarin da binciken ya duba ne suka faɗi, amma kashi 78 a cikin masu huɗu ko fiye.

Tattaunawa

Abin damuwa a ganina shi ne yadda iyali ke karɓar faɗuwar farko. Saboda tausayi sai a ce, "Baba, ka zauna, za a kawo maka." Zaman kuwa yana ƙara cinye tsokar, tsoro ya shiga, taku ya gajarta. Bitar Cochrane ta 2019 ta nuna motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin ɗari, musamman atisayen daidaita tsayuwa. Ana iya gane mai buƙatarsa a kowane ƙaramin asibiti da gwajin Podsiadlo da Richardson na 1991: tsoho ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, a duba idonsa da magungunansa, a fara masa atisaye.