Jan Biki Ma Yana da Tarihi

Bara waccan, ina shekara ta biyu ta mastar, anka kira ni anka ba ni aji guda na ƴan shekarar farko in riƙa koya musu dabarun rubutu da Faransanci, awa biyu kowane mako. Abin da anka miƙo mini shi ne jerin sunaye da lambar ɗaki. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda ake yi. Ni ma ban tambaya ba, don a ganina wanda ya ci bak da maki mai kyau a disertasiyo, mi zai gagare shi? Na biya wajen mai tebur na sayi jan biki guda biyu, na ce aiki ya samu.

Takardun farko da na amsa guda 83 ne. Kwana huɗu na yi a kansu. A cikinsu akwai ta wata yarinya, shafi biyu cur, na ja mata layi wuri 31, na ba ta 4 bisa 20. Ranar da na maida takardu ina kallon ta: ta dubi makin, ta ninke takardar gida huɗu, ta jefa a jaka. Ko ɗaya daga cikin gyare-gyaren da na hana idona barci a kansu ba ta karanta ba. Aiki na biyu, layi shida kaɗai ta kawo. Da na tambaye ta dalili sai ta ce: "Mushe, in na rubuta kaɗan, jan ma kaɗan ne."

Maganar nan ita ta tura ni karatu. Na so in san wa ya fara wannan sana'a ta farautar kuskure, kuma ko waɗanda sunka riga mu sun gane wani abu da mu ba mu gane ba. Sai na tarar mafi yawan labarin a Amurka ya faru, don can ne kusan kowace jami'a take tilasta ma ɗan shekarar farko darasin rubutu, ko likita zai zama ko injiniya. Ga abin da na tsinto, ko zai amfani wani daga cikinmu da za a miƙa ma alli gobe.

Kafin wajen 1870, jami'o'in Amurka na ƴaƴan masu hali ne, kuma abin da ake horar da su a kai shi ne Latinanci da Girkanci da fasahar magana a gaban jama'a. A 1869 Charles Eliot ya zama shugaban Jami'ar Harvard, yana son a ba Turancin yau da kullum matsayi. Ya ɗauko wani tsohon ɗan jarida, Adams Sherman Hill, a 1872. A 1874 anka sa rubutun Turanci cikin jarrabawar shiga, sai ga fiye da rabin masu neman shiga sun faɗi, alhali daga makarantu mafi tsada na ƙasar sunka fito. Hankalin manya ya tashi. Maganin da sunka kawo shi ne darasin dole, wanda daga 1885 ya zama na ƴan shekarar farko, sauran jami'o'i kuma sunka kwaikwaya.

Ku lura da yadda abin ya faro. An haifi darasin ne a matsayin asibiti, ɗalibi shi ne majinyaci, kuskure shi ne cuta. A 1892 wani kwamiti na Harvard ya duba rubutun ɗalibai ya ɗora laifin a kan makarantun sakandare. Da na karanta wannan sai da na yi dariya, don ko jiya na ji wani malami yana cewa lise ce ta lalace, malamin lise ya ce kwaleji ce, na kwaleji ya ce firamare ce. Ashe kukan ya haura shekara ɗari da talatin.

Tsarin koyarwar kuwa mai sauƙin bayani ne. Alexander Bain na Jami'ar Aberdeen, a littafinsa na 1866, ya kasa rubutu gida-gida, kamar siffantawa da ba da labari da bayani da jan ra'ayi, ya kuma kafa dokokin sakin layi. Malami ya ba da take, ɗalibi ya rubuta sau ɗaya ya kawo, malami ya ja layi ya sa maki, a wuce take na gaba. Wa ke yin gyaran? Galibi sababbin malamai da ɗaliban digiri na gaba irina, masu ƙaramin albashi da tarin takardu. A 1912 Edwin Hopkins na Jami'ar Kansas ya buga maƙala yana tambaya ko za a iya koyar da rubutu da kyau cikin irin wannan hali, amsar da ya bayar kuma ita ce a'a. Ya lissafa awoyin da karatun takardu ke ci, ya nuna sun wuce abin da idon mutum zai ɗauka.

Mu namu gadon ta wata hanya ya biyo, amma dangi ne. A Faransa, gyaran tsarin karatu na 1880 ya cire jawabin Latinanci daga jarrabawar bak ya sa rubutun Faransanci a madadinsa, daga nan disertasiyo ta yi ta ƙarfi har ta zama sarauniya, da tez da antitez da sintez ɗinta. Lakkol ta Nasara ta kawo mana ita tare da dikte, inda kuskure biyar ke jawo sifiri, da sambol da ake rataya ma yaron da ya kuskura ya yi Hausa ko Zabarmanci a farfajiya. Wanda ya tashi a haka, in ya zama mushe, hannunsa da kansa yake neman jan biki. Abin da anka yi mini shi na yi ma yarinyar nan.

A Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dokar 1944 ta buɗe ma tsofaffin sojoji ƙofar jami'a, azuzuwa sunka cika, malaman rubutu sunka kafa ƙungiyarsu a 1949, sunka fara bincike a kan aikin nasu. A 1963 Richard Braddock da abokan aikinsa biyu sunka tattara binciken da anka yi a baya, sunka fitar da hukuncin da har yau ake gardama a kansa: koyar da nahawu shi kaɗai, a ware daga rubutu, bai cika gyara rubutun ɗalibi ba, yana ma iya yin illa tunda yana cinye lokacin da ya kamata a yi rubutun. Sai tambaya ta sauya. Maimakon a tsaya duban takardar da ta ƙare, anka koma duban mai rubutu yana cikin yi.

Janet Emig, a 1971, ta zaunar da ɗalibai takwas na ajin ƙarshe na sakandare ta sa suna rubutu suna faɗin abin da ke ransu da baki. Ta ga rubutu ba ya tafiya a miƙe kamar yadda littattafai ke cewa, ana gaba ana komawa baya. A 1972 Donald Murray, wanda shi ma ɗan jarida ne kafin ya shiga aji, ya ce a koyar da hanyar da ake bi a kai ga rubutu, ya kuma ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin 100 na lokacin marubuci yana tafiya ne kafin ya zauna rubutun farko: tunani, karatu, ƴan zane-zane a gefen kaye. A 1973 Peter Elbow ya yaɗa wata dabara: minti goma kana rubutu ba tsayawa, ba gogewa, ba wanda zai sa maka maki. Hujjarsa ita ce mai ƙirƙira da mai gyara ba su zama kujera ɗaya lokaci guda, in sun zauna, mai gyara ne ke toshe bakin ɗan uwansa. Layi shidan da anka kawo mini ke nan.

Amma wadda ta fi taɓa ni ita ce Mina Shaughnessy. A 1970 Jami'ar Birnin New York ta ba duk wanda ya gama sakandare a birnin damar shiga. Dubban ƴaƴan talakawa sunka shigo, baƙaƙen fata da ƴan asalin Puerto Rico da ƴaƴan baƙi, waɗanda harshen gidansu daban yake da na littafi. Malamai da dama sunka ce waɗannan ba su koyuwa. Ita kuwa ta tara takardunsu wajen 4,000 ta karanta, a 1977 ta fitar da littafinta Errors and Expectations, wato kurakurai da abin da ake tsammani. Abin da ta gano shi ne kuskuren ɗalibi yana da tsari. Yaron da a gidansu ba a furta harafin s na ƙarshen aikatau, zai bar shi duk inda ya zo. Doka ɗaya ce yake bi, malami kuma yana ƙirga ta sau ashirin. Wani kuma jimlarsa kan rikice ne daidai inda ya yi ƙoƙarin faɗin abu mai nauyi da muryar da bai saba ba. A wata maƙala ta 1976 ta ce shi ma malami matakai yake bi: da fari yana gadin ƙofa kada a ɓata masa jami'a, sannan ya koma mai wa'azi ga waɗanda yake ganin jahilai ne, sannan ya fara mamakin dalilin kuskuren, daga ƙarshe ya yarda shi ma ɗalibi ne na ɗalibansa. Ta rasu a 1978, shekara ɗaya bayan fitar littafin.

Da na gama karanta wannan sai na roƙi yarinyar ta kawo mini takardarta ta farko. Ta lalubo ta a ƙasan jaka, duk ta yamutse. Na sake ƙirga layukan nan 31. Goma sha huɗu duk abu ɗaya ne: ƙarshen aikatau da ake rubutawa é ko er ko ez, waɗanda a kunne sautinsu guda. Tara na le da la ne. Wuri uku da na rubuta mata "ba ma'ana", ashe Hausa ce sanye da rigar Faransanci: ta sa aikatau na ci ga jarrabawa, na sha ga wahala, kamar yadda muke faɗi a gida. Kurakuran gaskiya ba su wuce iri biyar ba. Abin da ya fi ba ni kunya, a sakin layi na uku ta kawo misalin yadda matan garinsu ke adashi don biyan kuɗin magani, misalin da ya fi duk abin da sauran 82 sunka kawo. Ban ce mata komi a kansa ba, don lokacin ina farauta. Daga baya na ga Nancy Sommers ta binciki gyare-gyaren malamai 35 a 1982, ta tarar yawancin kalamansu za a iya ɗauke su daga takarda ɗaya a manna a wata ba tare da an lura ba. Nawa ma haka suke.

Kada wani ya ce na ce a jefar da nahawu. A 1988 Lisa Delpit, malama baƙar fata, ta ja kunnen masu sabuwar hanyar. Ta ce ɗan mai hali yana tsintar harshen masu iko a gida, ɗan talaka kuwa in ba a faɗa masa dokokin a fili ba, an cuce shi, don ranar neman aiki ba wanda zai tausaya masa. Wannan magana tamu ce. Mai gyaran jarrabawar shiga aikin gwamnati ba zai tambayi yarinyar nan wane tsari kuskurenta ke bi ba. Dole ta iya tez da antitez, dole ta raba é da er. Abin da tarihin ya koya mini shi ne jeri: ra'ayi tukuna, tsari ya biyo, gyaran harshe a ƙarshe, kuma iri ɗaya ko biyu a lokaci guda.

Akwai kuma abin da ba sai mun je Amurka ba. Tun 1964 Abdou Moumouni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta cewa ilimin Afirka ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai da harsunan Afirka, kuma tun 1973 anka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Shi ya sa yanzu, a minti goman farko, nakan ce kowa ya rubuta da harshen da tunaninsa ke zuwa, Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci ko gauraye, ba zan amsa ba. Daga nan su juya shi, su yi musayar takardu bibbiyu, kowa ya faɗa ma ɗan uwansa abin da ya fahimta da inda ya ɓace. Sai rubutu na biyu nake amsa. Nakan karanta shi har ƙarshe hannuna ba biki, sannan in rubuta abu biyu: wurin da ya fi ƙarfi, da kuskure iri guda da za a yi aiki a kansa. Maki sai a na uku.

Ba zan ɓoye muku ba, da mutum 83 abin da wuya. Hopkins yana da gaskiya tun 1912. Na rage yawan take daga shida zuwa uku don kowanne ya samu zagaye uku, wani babban malami ma ya ce mini ragwanci ne. Wasu ɗaliban kuma ba su yarda an yi gyara ba in ba su ga ja ba, ɗaya ya biyo ni har bakin ƙofa yana cewa: "Mushe, ba ka duba tawa ba ko?"

Yarinyar dai ta gama shekara da 11 bisa 20. Takardarta ta ƙarshe shafi uku ce, kuma har yanzu tana rikita le da la. Jan biki na biyu da na saya yana nan cikin aljihun jakata, ban buɗe marfinsa ba tukuna.