Falakin Buruji da Karkatarsa: Tarihin Wani Ilmi a Ƙasar Katsina da Maraɗi

Duk wanda ya lura da sama shekara guda zai ga rana da wata da taurarin nan masu yawo ba su bin ko'ina sai wata siririyar hanya ɗaya. Littattafan lakwal suna kiranta écliptique, kalmar da ta samo asali daga sunan husufi a harshen Girka. Da yake kalmar baƙuwa ce, akan ɗauka ilmin ma baƙo ne. Tarihin ƙasar Katsina, wadda Ɗan Isa ta yankin Madarumfa take ciki tun kafin a ja iyaka tsakaninta da Jibiya, bai goyi bayan wannan zato ba.

Malaman zaure sun san hanyar da sunan falakin buruji. Sun kasa ta buruji 12, kowane daraja 30, suka kuma kasa ta manzili 28, watau masaukan wata. A bakin manomi waɗannan manziloli su ne taurari: bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Kowane tauraro kwana 13 gare shi, in ban da Jabha mai 14, jimla 365 ke nan. Lissafin rana ne, shi ya sa ba ya rabuwa da damina, alhali kuwa watannin Hijira suna zagayawa. Manomin da ya tambayi malam ko Zira'a ta kama, ko kuwa Ɗarfa ta fita, yana tambayar inda rana ta kai ne a bisa wannan hanya. Surayya kuwa ita ce Kaza da Ƴaƴanta, wadda ko yara sun san ta.

Ilmin bai tsaya ga baki ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya yi karatu a ƙasar nan, ya tafi hajji, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Cikin littattafansa akwai al-Durr al-Manzum, a kan hatimai da taurari. Birnin da ya haifi irin wannan malami shi ne ya faɗa hannun masu jihadi a wajen 1807, sarautarsa ta Haɓe ta koma Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Lissafin taurari kuwa bai san wannan rabuwa ba, iri ɗaya ne a Katsina da Maraɗi.

Abin da littattafan Larabci suka fi ƙoƙarin aunawa shi ne karkatar wannan hanya daga tsakiyar sama. Batlimus na Iskandariya ya ba ta daraja 23 da daƙiƙa 51. Al-Battani, wanda ya rasu a 929, ya samu daraja 23 da daƙiƙa 35. A yau tana kan daraja 23 da daƙiƙa 26. Bambancin ba duka kuskuren awo ba ne, domin karkatar da kanta tana sauyawa tsakanin daraja 22 da 24 da rabi, a zagaye mai shekara kamar 41,000. A fahimtar yanzu duniya ce take kewaya rana a kan wani shimfiɗaɗɗen fage kamar faifai, tana juyawa a karkace.

Ɗan Isa tana wajen daraja 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana takan tsaya tsaka a kanta, a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuwa arewa. Malamin da zai koyar da karkata ba ya bukatar kome sai sanda guda a tsakar fili.

Hanyar wata ma ta karkace daga faifan nan da daraja 5 da ɗan wani abu. Ba don haka ba, da kowane ƙarshen wata an yi husufin rana, kowace tsakiyarsa an yi na wata. Sai an dace wata yana kusa da ɗaya daga cikin mahaɗa biyu inda hanyarsa ta ratsa ta rana, waɗanda malaman falaki suka kira Kai da Wutsiya. Haka ta faru ranar Laraba 29 ga Maris 2006 da hantsi, sa'ad da inuwar wata ta ratso Gusau da Katsina da Maraɗi, gari ya yi duhu na ƴan mintoci. Ɗan Isa na cikin wannan inuwa. Jama'a kan ce rana da wata sun kama juna. In an dubi maganar da kyau, mahaɗar take nufi.

Sauran masu yawo ba su yi nisa da faifan ba: Zara daraja 3 da ƴan kai, Mirrihu ƙasa da 2, Mushtari 1 da kaɗan, Zuhalu 2 da rabi, Uɗaridu ya fi su da 7. Dalili shi ne dukansu daga faifai ɗaya na iska da ƙura suka samu, shekara kamar miliyan 4,600 da suka wuce, ra'ayin da Kant ya gabatar tun 1755.

Ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci, daraja da daƙiƙa da buruji da manzili da husufi duk suna nan a bakin mutane, kuma a ganinmu su ya kamata a ɗauka. Kalma ɗaya ce take da wuya, watau falaki. A tsohuwar ma'anarta ƙundun sama ne mai juyawa, duniya na zaune a tsakiyarsa. In aka sa ta a littafi babu bayani, dattijon da ya yi karatun zaure zai ji rana ce take tafiya. Don haka muke ganin a bar falakin buruji ga hanyar da ido yake gani a sama, a ce faifan buruji ga fagen da duniya take kewaya rana a kansa.