Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun: Rayuwarsa da waƙoƙinsa

Alhaji Musa Ɗanƙwairo yana cikin manyan makaɗan fada da ƙasar Hausa ta yi a ƙarni na 20. An haife shi wajajen shekarar 1909 a ƙauyen Ɗankadu da ke ƙasar Bakura, ya yi yawancin rayuwarsa a ƙasar Maradun, a Jihar Zamfara ta yau, sannan ya rasu a shekarar 1991. Har yanzu ana jin muryarsa a gidajen rediyo da wayoyin hannu, a kasuwanni da ofisoshi.

Asali da laƙabi

Kiɗa gado ne a gidansu. Kakansa Kaka Maiganga makaɗi ne, haka ma mahaifinsa Usman Ɗankwanda, wanda ya yi suna a kiɗan noma, wato kiɗan da ake zuga manoma da shi a lokacin gayya. Iyalin sun zauna a garin Kaya, inda suka shiga hidimar Sarkin Kayan Maradun, daga nan kuma kiɗan gidan ya karkata zuwa fada.

Laƙabin Ɗanƙwairo ya samo asali ne daga wani mutum mai suna Ƙwairo, mai zaƙin murya, da ke tare da mahaifinsa. Da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa, sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo, har sunan ya bi shi.

Tun yana yaro ya fara bin mahaifinsa wajen kiɗa yana amshi. Bayan rasuwar mahaifin, yayansa Abdu Kurna ya gaji shugabancin ƙungiyar, Musa ya zama Daudun Kiɗa, wato mataimakin jagora. Daga baya ragamar ta dawo hannunsa.

Kotso da tsarin waƙa

Abin kiɗansa shi ne kotso, ganga ce mai siririn tsakiya da baki ɗaya, wadda ake ratayawa a kafaɗa a buga da hannu, ana matsa tsarkiyarta domin sauya amo. Kotso na cikin kayan kiɗan sarauta, kamar taushi da tambari.

Waƙar fada tana tsayawa ne a kan gindi, wato amshin da ake komawa gare shi bayan kowane ɗa na waƙa. Jagora ya kawo magana, 'yan amshi su karɓe, wani lokaci su ƙarasa masa ko su yi ƙari. A nan Ɗanƙwairo ya yi fice: shi da mutanensa sukan yi karɓeɓeniya cikin sauri ba tare da muryoyi sun ci karo ba. Wannan aiki ne na shiri da maimaici, domin ba a takarda ake tsara irin wannan waƙa ba, a ka ake riƙe ta.

Cikin waƙa ɗaya yakan haɗa yabon ubangida da jero asalinsa, da zuga, da habaici ga 'yan adawar sarki, da zambo ga marowata. Harshensa Zamfarci ne, cike da karin magana da tsofaffin kalmomi na sarauta da noma da yaƙi.

Iyayen gidansa

Sunansa ya bazu a faɗin Arewa a zamanin Jamhuriya ta Farko, lokacin da ya yi wa Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, waƙoƙi da dama. Bayan kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairun 1966, ya ci gaba da zagaya fadodin ƙasar Hausa. Cikin waɗanda ya waƙe akwai 'Yandoton Tsafe Aliyu, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero. Ya kuma yi wa attajirai da manyan ma'aikatan gwamnati waƙa.

Ya yi zamani da wasu gwanayen yankin, irin su Ibrahim Narambaɗa na fadar Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi makaɗin taushi na Sarkin Musulmi, da Sa'idu Faru, wanda shi ma ɗan ƙasar Maradun ne kuma makaɗin kotso.

Abin da ya bari

'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da kiɗan gidan. Masana adabin baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun rubuta tarihinsa, ɗalibai kuma suna nazarin waƙoƙinsa a sassan Hausa na jami'o'i.

Sai dai adana wannan gado yana bukatar hanzari. Yawancin waƙoƙin an ɗauke su ne a faifai da kaset, kayan da ke lalacewa da daɗewa, kuma waɗanda ke yawo a intanet sau da yawa ba su ɗauke da shekarar ɗauka ko bayanin wanda aka yi wa waƙar. Dattawan da suka san ma'anar habaicin da ke ciki, da mutanen da aka yi shi dominsu, suna ta raguwa. Idan ba a rubuta bayaninsu ba, za a wayi gari ana jin daɗin amon kotson, amma tarihin da ke cikin baitocin ya tafi tare da masu shi.