Gado da Aro: Ma'anar 'Yan'uwantaka Tsakanin Harsuna

Idan masana ilmin harsuna suka ce kalmomi biyu 'yan'uwa ne, ba kamannin lafazi kawai suke nufi ba. Manufarsu ita ce harsuna biyu sun gaji kalmomin nan daga kaka ɗaya. Sunan da Turawa suka ba irin waɗannan kalmomi ya fito ne daga kalmar Latin, cognatus, wato wanda aka haɗa jini da shi.

Wannan tunani ya kankama a shekarar 1786, sa'ad da William Jones, wani alƙali Bature a birnin Kalkata na Indiya, ya bayyana cewa Sanskirit da Girkanci da Latin tushensu ɗaya ne, kuma mai yiwuwa tushen ya riga ya ɓace. Ashe ke nan babu ɗayansu da ya haifi sauran.

Rashin fahimtar wannan shi ya sa wasu ke cewa Hausa daga Larabci ta fito, suna kafa hujja da littafi da alƙalami da alƙali. Waɗannan kuwa aro ne, addini da karatu da fatauci suka kawo su. Shaidar gado tana cikin kalmomin da ba a cika arowa ba. Alal misali, mutu 'yar'uwar māta ce ta Larabci, suna kuma ɗan'uwan ism ne, da shem na Ibrananci. Haka nan huɗu ta dace da fdw ta tsohon harshen Masar.

Sunan dangin ma yana da tarihinsa. A ƙarni na 19 an kira shi dangin Ham da Sam, 'ya'yan Annabi Nuhu, aka cuɗanya batun harshe da na launin fata. A 1912 Carl Meinhof ya sanya har da Fillanci cikin harsunan Ham. A 1950 Joseph Greenberg ya nuna babu wani reshe mai suna Ham, ya haɗa Hausa da 'yan'uwanta sama da 100 a reshen Cadi, littafinsa na 1963 kuma ya yaɗa sunan Afro-Asiya. Fillanci kuwa ya koma dangin Nijar-Kongo.

Saboda haka Hausa da Larabci 'yan'uwa ne na nesa, waɗanda suka rabu tun shekaru dubbai, sa'an nan zamani ya sake haɗa su. Mai nazarin asalin kalma, wajibi ne ya fara tantance ko gado ce ko aro, kafin ya yanke hukunci a kan asalin jama'a.